Ranar Tsintsiyoyin Kawu Koloman

A unguwarmu ta Romawa, ƙabilar tsirarun nan da ake rainawa a Slovakiya, can bayan rafi inda kwaltar ƙauye ta ƙare, babu mai taurin kan Kawu Koloman. Ɗaurin tsintsiya mai ƙota ya gada wurin ubansa, kuma ko da ta roba ta shigo kanti ta kashe masa kasuwa, bai fasa ba. Shekara goma sha biyar yana saro ƙirare a daji, yana ɗaurawa, yana jibgewa a rumbunsa.

"Wai yaushe za ka ɗaura wadda ake dafawa?" in ji matarsa Jolana.

"Bari dai, uwargida, ranarsu na tafe."

"Ranar da zan hura wuta da su, ko?"

Sai ga hunturun da gwamnatin Slovakiya ta zaftare kuɗin tallafi. Aka ce mai son ƙari ya fito sharar titi. Muka ɗunguma ofishin magajin gari mu ɗari da hamsin. Ya leƙo ta taga ya ce tsintsiya goma sha biyu gare shi, don haka mutum goma sha biyu zai ɗauka. Babu Koloman a ciki, ga jikoki biyar, dankalin gidansa kuwa ba zai ga Lahadi ba.

Ya cire hula. "Ranka ya daɗe, ashe tsintsiya ce matsalar, ba mu ba?"

"Tsintsiya ce."

"Jama'a, kun ji da kunnenku."

Washegari ya buɗe rumbunsa, kowa ya ɗauki guda, muka saɓa a kafaɗa muka nufi gari. Abin da babu wanda ya tuna: a makon nan yunwa ta sa an fasa kantuna a garuruwan maƙwabta, kuma 'yan sanda na ta dukan duk Baromen da suka gani, mai laifi da mai kallo. Wata ta hango mu ta labule, ta buga wa 'yan sanda waya wai ga mu nan da sanduna.

A kan gada muka tarar da su, garkuwa, kulki, har da karnuka. Ni dai na fara laluben hanyar gudu.

"To ga ranarsu nan ta zo, tsohon banza," Jolana ta raɗa masa.

Koloman ya juyo. "Kai, ku sauke! Biki kuka zo? Kowa ya duƙa!"

Muka duƙa muka kama shara. Shi kuwa ya yi ta sharewa har gaban babbansu.

"Yallaɓai, ɗan ɗaga ƙafa, ka take guntun sigari."

Mutumin ya dube shi, ya dubi takalminsa, ya ɗaga. Da babba ya ɗaga, sai yaransa suka bi, layi guda kamar zalɓe a fadama. Dukan wanda ke share maka ƙarƙashin ƙafa akwai wuya.

"Wannan ce tarzomar da aka taso mu dominta?" babban ya daka wa magajin gari, wanda ke tsaye a bayansu, tsawa. "Sallame su mu tafi!"

"Ya ce tsintsiya ce matsalar," in ji Koloman, yana kallon ƙasa kamar mutumin kirki.

Haka aka ɗauke mu aiki duka. Titi ɗaya ne a ƙauyen, har yau in ganye ya faɗo mutum takwas ke rige-rigen kansa.

Ranar Lahadi Jolana ta dafa dankali da kabeji, ta fara zuba wa Koloman. Yanzu in baƙo ya tambaya, cewa take, "Ai mu gidan sana'a ne."