Kifin Siminti a Tsakar Gidanmu

Shekarar da yayana ya samu ƙarin girma a wurin aikinsa na Abuja, ya zo Yawuri ya ce zai gyara mana gida. Mun zaci rufin ɗakin Inna da ke yoyo zai fara taɓawa. Ashe wani kifi mai fesa ruwa ya gani a harabar otal, ya shiga ransa.

Aka sare dogon yaron da muke shan inuwarsa, aka mayar da murhun bandar Inna bayan gida, wai hayaƙi ƙauyanci ne. Magini ya yi kwarmi a tsakar gida, ya shafe shi da shuɗin tayil, ya kafa ƙaton kifin siminti a tsakiya, baki sama.

Baba, wanda tun yana yaro yake su, ya zagaya abin, hannuwa a baya.

"Wanga kifi, mi za shi yi muna?"

"Ado ne, Baba. Mutum ya zauna ya kalli ruwa, hankalinsa ya kwanta."

Daga ƙofar gidanmu ana hango kogi har inda ido ya gaza.

Famfon unguwarmu ya daɗe da ƙafewa, don haka mu ƙannensa muka yi ta jido ruwan kogi a jarka muna cika kwarmin. Aka tada janareta, kifi ya fesa, yayana ya ɗauki hotuna son ransa ya koma Abuja. Ya bar mu da kifin da ba ya ko tofi sai an sayi fetur.

Ruwan ya yi kore. Kwaɗi suka tare, sauro ya biyo baya, agwagin maƙwabta suka samu wurin wanka. Damina ta zo, Inna ta ci gaba da tarar yoyo da roba. Daga baya Baba ya fara zuba tarwaɗar da ta yi kwantai a ciki, ta kwana da ranta a sayar gobe.

Da sallah yayana ya zo da abokan aikinsa. Na ji yana nuna musu tarwaɗar, yana cewa da ma kiwon kifi ya tsara, don tsofaffi su samu abin yi. Suka yaba ƙwarai. Ɗayansu har ya nemi a haɗa shi da maginin, wai shi ma zai yi wa mahaifinsa irinsa a ƙauye.

Baba ya raka su har mota, ya riƙe hannun mutumin.

"Ka gaishe da tsohon naka, ɗana. Ka ce mai ya yi haƙuri."