Kwanon da Baba Yake Ajiyewa a Barandar Otal ɗin Tasha

Bana shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sale kuku, Allah Ya jiƙansa. Ni ba mai rubutu ba ce, karatuna bai yi nisa ba, amma abin da ya same ni a daminar nan ya hana ni yin shiru.

Tun yana saurayi Baba yake girki a otal ɗin da ke jikin tashar jirgin ƙasa ta Bauchi, gini mai jan rufi da doguwar baranda. Yakan ce a zamanin da jirgi yake zuwa, manya suna ci a ciki da cokali mai yatsu, fatake da masu goyo kuma a baranda kan tabarma, amma masa da miyar duk daga murhu ɗaya suke. Ni ƙarshen abin na riska. Yanzu ciyawa ta rufe layin dogo, awaki ke kwanciya a barandar. Da zai gani, ina jin ba tsagewar bango zai fara dubawa ba, tambaya zai yi wa ya bar murhu ya yi sanyi.

Da na yaye 'yata Ummi, sai ta ƙi abinci. Kunu, fate, komai ta kau da kai, har ƙashin wuyanta ya fito. A asibiti aka ce ba ciwo ba ne. Maƙwabtana a Fadaman Mada kowa da tata, wannan ta ce a ɗura mata, waccan ta ce a karɓo rubutu. Na ɗura, ta amayar, muka yi kukan tare.

Inna, mahaifiyata, ita ta tuna min. Ta ce, "Ke kin manta yadda babanku yake yi da yaran da jirgi ya gajiyar? Ai bai taɓa miƙa wa yaro cokali ba." Zubawa yake a ɗan kwano, ya zauna a ƙasa, ya juya baya, ya riƙa ci a hankali kamar bai san da kowa ba. Uwar ma yakan roƙe ta ta daina kallon yaron.

Daina kallon nan shi ya fi min wuya. Na zauna a tsakar gida da faten tsaki, na ba Ummi baya, ina ci a hankali. Ban waiga ba. Can sai na ji ɗan hannu ya dafa kafaɗata, ɗayan kuma ya shiga kwanon.

Otal ɗin kam ba na jin zai sake tashi. Amma jikar da Baba bai taɓa gani ba, shi ya ciyar da ita. Allah Ya kai haske kabarinsa.