Ba Za a Kafa Sunan Yaya a Bakin Ramin Ba

Ku gafarce ni da na dame ku da rubutu, alhali kowa na fama da nasa jimamin. Ni ba mai yawan magana ba ce, amma wannan karon shiru ba zai yiwu ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga Rajab, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran yayana, mai gyaran injin ban-ruwa na bakin fadama.

Yaya, kai kake goya ni mu tsallake ruwa in za mu makaranta, kana cewa in ɗaga allona sama kada karatu ya jiƙe. Da ka girma, manomi bai taɓa kiranka injinsa ya tsaya ka ce rana ta yi zafi ba. Shekarar da ambaliya ta ci gidajen gangare, shagonka ka share wa mata da yara.

Ba ka ƙi ci gaba ba. Shaida nake bayarwa, kuma na san za a tambaye ni ita. Da kamfani ya zo da maganar gina gidaje, kai ka fara cewa 'ya'yanmu na bukatar ɗakuna, ka nuna musu tudu. Suka ce fadamar suke so: za su cike ta, su haƙa wani tafki a bayan gari, wai shi ne diyyar fadama. Ka miƙe a taron da suka kira, hannunka duk baƙin mai, ka ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan karatuna sai an yi kisa ake diyya. Kun amsa ke nan kashe ta za ku yi?" Aka yi dariya, ban da kai. Tafkin nasu kuwa sun haƙa shi. Rami ne, ko kwaɗo bai yarda ya tare a ciki ba.

Jiya wakilin kamfanin ya zo gaisuwa. Na shimfiɗa masa tabarma, na amsa addu'arsa, don haƙƙinsa ne. Sai ya ce za su karrama ka, su kafa sunanka a bakin ramin. Matarka ta dube ni. Na ce, "Malam, mun gode da gaisuwa. Suna kuwa, mai shi bai ba ku ba yana raye, mu ba mu da ikon bayarwa yana kwance."

Na san amfanin sunan a wurinsu. Gobe a ce har shi ma ya yarda, jibi motocin ƙasa su shigo su cike fadamar.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yafe kurakuranka, ya haskaka makwancinka. Allah ya ba matarka da 'ya'yanka haƙuri, ya raya su kan gaskiya.

Kawunnai, ƙanne da maƙwabta: mutumin ya ce zai dawo Asabar, wai don ya ji ta bakin maza. Ko babu kowa, zai tarar da ni a ƙofar gida. Amma na fi so ya tarar da mu. Don Allah ku ba ni amsa da wuri.