Katin Yaya a Hannun Baduku

Shekarun da kuɗin mai suka cika gari, har 'yan Maraɗi ke rububin naira a kasuwar Jibiya, yayana ya zo hutu daga Ingila inda yake aiki. Shi ne ɗan farin Inna, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma haɗa ido da shi. Amma ni da nake kwana ɗakinta na san duk tafiyarsa sai ta yi mako ba ta cin abincin kirki. Damuwarta ɗaya ce: idan ya shiga wani hali a can, wa zai tsaya masa?

Ita dai da fuskarta take ƙetare iyaka. Ko ba ko sisi a jikinta, 'yan hatsin Maraɗi za su auna mata gero, don sun san ubanta. Ƙasar da ba a san uban mutum ba kuwa, a wurinta daji ce.

Rannan Yaya ya fito da wani ɗan kati mai sheƙi, yana ta fankama. Ya ce a can in ya miƙa shi, otal zai ba shi ɗaki, kanti ya ba shi kaya.

Na ce, "To je ka sayo mana ƙosai da shi a tasha." Ya harare ni, ya ce ai nan ba wanda ya san shi tukuna.

Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ke, tambayi wancan, in abin ga ya ɓace hwa?"

Yaya ya ce, "Sai wahala, Inna."

Ranar tafiyarsa aka nemi kati sama ko ƙasa. Ya zazzage akwati, gumi na keto masa, ga direba na ta zuba oda a ƙofar gida. Sai ga Inna ta fito riƙe da laya sabuwa fil, ta jar fata. Ashe baduku ta kai wa katin, ya naɗe shi a fata, ya bi gefensa da basilla ya ɗinke tam. Ta miƙo mini tana kallon bango.

"Ba shi ya ɗaura ga damtse. Yanzu ba ya ɓacewa."

Na ga ran Yaya ya ɓaci, domin basilla ta huhhuda katin, ya gama aiki. Ya daɗe yana juya layar a hannunsa, sannan ya durƙusa, ya naɗe hannun riga, ya ce in ɗaura masa. Ban taɓa son sa kamar lokacin ba.

A bakin mota ya raɗa mini, "Kar ki kuskura ki hwaɗa mata."

Da na koma cikin gida, na tarar Inna ta jawo kwanon tuwo gabanta. Ta cinye tas, ta ce in ƙaro mata miya.