Albishir Ɗin Da Na Yi Wa Baba Tela

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da ranar da na yi wa wani dattijo albishir ba, don har yau ina da-na-saninsa.

Maƙwabcinmu ne a unguwar Soron Ɗinki cikin Kano, tela, kowa Baba yake ce masa. Babban ɗansa direban motar haya ne. Wata rana jami'an tsaro suka tare shi a hanya, wai ya taɓa ɗaukar wasu mutane da ake nema. Shekara shida yana tsare, ko gaban alƙali ba a kai shi ba. Da aka gaji da zarya a kotunan gida, sai wata lauya mai taimakon marasa galihu ta kai ƙara wata kotun ƙasa da ƙasa, irin wadda ƙasashe ke haɗuwa su kafa don kare haƙƙin ɗan Adam.

Da takardar hukunci ta iso, ni Baba ya kira shagonsa bayan la'asar, da yake ni malamin makaranta ne.

"Malam, karanta min. Kar ka ɓoye min komai."

Ina karantawa ina fassarawa. Alƙalai sun ce tsarewar zalunci ce, a sake shi nan take. Na ce, "Baba, albishirinka! Magana ta ƙare. Wannan kotun tana gaba da kowa." Haka na faɗa, don haka na ɗauka. Ya sauko daga kan keken ɗinki ya yi sujada a kan ƙyallaye.

Kwana uku ya yi yana ɗinka wa ɗan nasa riga da wando, yana ta tambayata ko ya rage faɗin, tunda an ce ramewa ake yi a can.

Tare muka tafi inda ake tsare da shi, tafiyar wuni guda. Jami'in da ke bakin ƙofa bai wulaƙanta mu ba, har benci ya ba mu. Ya karanta takardar tsaf, ya miƙo mana.

"Baba, cikin alƙalan nan akwai wanda ya biyo ku? To, ni ba daga wajensu nake karɓar umarni ba."

Ko kayan bai karɓa ba.

Na koma gefe na kira lauyar. Muryarta a sanyaye ta ce, "Malam, kotun ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Gwamnatin da aka kayar a shari'ar ita ce za ta aiwatar. Sai dai mu rubuta wasiƙa."

A mota muna dawowa, har mun kusa Kano. Sai Baba ya juyo ya ce, "Malam, ko dai ba ka karanta daidai ba?"

Wallahi na so in ce masa e. Da kuskurena ne, da wani zai gyara. Amma daidai na karanta, kuma haka na gaya masa. Ya jinjina kai, bai ƙara tambayata ba har ya bar duniya bayan shekara biyu. An rubuta wasiƙu har an gaji. Ɗan nasa kuwa, har yanzu ba mu san ko yana raye ba.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne: a ba ka gaskiya daban, a ba ka haƙƙinka daban. Tun daga lokacin, ba na yi wa kowa albishir sai na san a hannun wa makulli yake.