Malam Umara da Fanka

Tun 1991 Malam Umara yake shigar da awon ruwan Kogin Haɗejiya cikin kwamfutar ofishinsu. Na'urar tana da wani hali: takan riƙe sabon awo a ka, ba ta rubuta shi a faifai sai bayan awa guda. In aka ɗauke wuta kafin nan, sai ta yini tana lalube. Shi ya sa da ya ga fanka ta rage gudu, sai ya tilasta mata ta rubuta komai nan take.

Halin ya bi shi gida. Wata rana da azahar fankar ɗaki ta rage gudu. Ya dubi matarsa Falmata da sauri ya ce, "Miyar da kika yi shekaranjiya ta yi daɗi."

Sannan aka ɗauke wuta.