Majil ɗin Baffa Munji

Ranar Larabar nan Lutfi ya tashi da asuba, ya ci burodi da man zaitun a tsaye. Mahaifiyarsa Shadliya ta ce ya zauna.

"Ummi, in na zauna barci zan koma."

Da hantsi yana cikin wani majil, ramin tara ruwan sama da kakanni suka gina ƙarƙashin tsakar gidajen birnin Safakus. Tun zuwan famfo aka toshe su, ruwan Oktoba kuwa ya koma shiga ɗakuna. Aikin Lutfi shi ne ya buɗe su, ya fasa daɓen ƙasan, ya zuba tsakuwa, ya jawo ruwan titi ciki ƙasa ta shanye.

Da azahar ya tafi gidan Baffa Munji, can gangaren layi inda ruwa ke taruwa. Majil ɗinsa ya fi kowanne girma, shi kaɗai kuma ya rage. Muddin yana toshe, gidajen gangare za su sake cika.

"Kai ɗan Shadliya, mutane na liƙe majil, kai kana fasawa? Kakana ya shafe shi da hannunsa, bai taɓa yoyo ba."

"Baffa, yaushe rabonka da shan ruwansa?"

"Matata ma ta daina yi min girki, ka ji na sake ta?"

Lutfi ya yi dariya har ya ƙware da shayi, ya ce zai dawo. Haka yake. Yana da takardar izinin hukuma ta buɗe kowane majil, amma bai taɓa nuna wa dattijo ita ba.

Da la'asar ya gyara wa uwarsa makullin ƙofa. Da magariba ya ce kansa na ciwo. Jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwarsa. Ya rasu washegari, yana da shekara talatin da ɗaya.

Bayan kwana arba'in Shadliya ta fito da kayansa. Tufafin ta aika masallaci, babur ɗin ta ba abokin aikinsa. Tana ɗaure kayan aiki sai ga Baffa Munji a ƙofa.

"'Yata, kada ki ba kowa gudumarsa."

"Ba za ka iya ɗaga ta ba, Baffa."

"Bugun farko dai nawa ne. Ba mai fasa aikin kakana sai ni."

Ta miƙa masa. Abokan aikin Lutfi suka ƙarasa sauran kafin ruwa ya sauka.

Takalman robarsa suna nan bayan ƙofa. Ba ta yanke shawara a kansu ba tukuna.